Verna Mai Allon Shiru

Verna Hrynko matar yayana ce, saboda haka ina da damar faɗin halinta. Shekara talatin da ɗaya tana tuƙa motar 'yan makaranta a ƙauyenmu, arewa da Saskatoon, kuma a wannan aikin ne muryarta ta buɗe har ta ƙi rufuwa. Ba mutuniyar banza ba ce. In aka yi rasuwa ita ce ta farko da tukunyar firogi, abincinmu na gargajiya, in coci na neman hannu tana nan. Sai dai Verna ba ta aikin alheri inda babu mai ɗaukar hoto.

Da aka ce za a kawo gasar nakasassu ta duniya birni, kafin mu gama karanta sanarwar ta riga ta cike takardar 'yan sa kai, tata da tawa. Burinta ɗaya ne, ta ɗauki farantin lambobin yabo ranar ƙarshe, a haska ta a talabijin, matan ƙauye su gani.

Sai aka tura mu zauren ƙwallon makafi. 'Yan wasa uku-uku ne, idanu a ɗaure, suna mirgina ƙwallo mai 'yan ƙararrawa a ciki. Da kunne suke tare ta, don haka ko tari ba a so 'yan kallo su yi. Aikin Verna shi ne ta ɗaga allon da ke cewa a yi shiru. Na yi dariya har da hawaye. A faɗin lardin nan ba a samu wadda za a damƙa wa allon ba sai ita!

Ranar farko ta cafke hannun wata 'yar wasanmu, Odile, ba tambaya, ta ja ta zuwa ƙofar da Odile ta fi ta sani, tana yi mata magana da ƙarfi kamar kurma. Shugabarmu Colette ta kira ta gefe, ta ce ba a taɓa ɗan wasa sai ya nema, kuma in tana son farantin, to ta riƙe bakinta har ƙarshen mako. Verna ta ce ita da ta yi renon ɗaruruwan yara ba yarinya ce za ta koya mata tausayi ba. Amma ta riƙe. Kwana huɗu tana tsaye da allo, kumatu a kumbure, tana harara duk wanda ya buɗe ledar alawa. Ni kaina na fara tunanin ko na raina ta.

Mu mutanen nan ba ma zuwa kallon wasa ba tare da ƙararrawar wuyan saniya ba. A filin hoki muka saba, ɗanka ya ci ka kaɗa. Ta Verna ta gado ce, daga gonar mahaifinta, kuma ranar wasan ƙarshe na matanmu na hango kanta a cikin jakarta. Na ce, "Yaya, mayar da wannan mota." Ta ce sai an tashi za ta kaɗa, ita ba yarinya ba ce.

Saura ƙasa da minti guda, ana kunnen doki. 'Yar wasanmu ta jefa, ƙwallo ta doshi raga, Verna ta ga kamar ta shiga. Ta yar da allo, ta zaro ƙararrawa, ta kaɗa da iya ƙarfinta. Ashe an tare, har an mayar da jifa. Odile ta faɗa hagu, wajen ƙarar, ƙwallo ta bi dama ta shige. Alƙalin wasa ya ce jifan ya riga ƙarar, ci ya tabbata. Na ji kunya kamar in nutse, kuma na ji haushinta har cikin ƙashina.

Colette ba ta yi dogon zance ba. Ta karɓi allon, ta ce farantin an ba wata.

Ko a nan Verna ba ta san ta yi ɓarna ba. Ta bi Odile har bakin ɗakin sauya kaya, tana cewa ita ce Verna, don ƙauna ta yi, ai 'yata kin san zuciyar uwa.

Odile ta janye hannunta a hankali. Ta ce, "Ba sai kin faɗi suna ba, Mama, duk mun san muryarki. Shekara tara nake koyon sauraro saboda wannan minti ɗaya. Ke kwana biyar kawai aka roƙe ki."

Da yamma aka rataya wa Odile lambar azurfa, ta tsaya a ƙasa da matar da ta ci ta, tana sauraren taken wata ƙasa. Verna tana waje a filin ajiye motoci, inda aka mayar da ita. A hanyarmu ta komawa gida, tafiyar awa ɗaya da rabi, ni na tuƙa, kuma ba ta gyara mini tuƙi ko sau ɗaya ba.