Kunnen Haladu na Dama

Haladu mutumin Gwashi ne, manomi ɗan manomi, wanda ya shiga kabu-kabu a shekarar 1998 da wani jan babur na hannu. Da damina rabin yininsa a gona yake. Da rani kuwa kullum yana bisa hanya, Gwashi zuwa Bukkuyum, ran kasuwa ya zarce Gummi, wani lokaci ya kai mai jinya Anka. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, ba ya gudun ganganci, sai dai akwai shi da son hira.

A wancan lokacin wayar hannu ba ta shigo ƙauyukan nan ba. Saboda haka 'yan kabu-kabu suka samo dabararsu. Sai a kai babur wurin makanike, ya zare hanjin salansa, wato bututun hayaƙin babur, ya huda ta, kowane babur ya sami tasa muryar. Mutum yana duƙe a gona zai ji ƙara daga nesa, ya san wane ne ke tafe, ya ajiye fartanya ya fito bakin hanya. Shanun makiyaya ma kan kauce tun kafin a iso. Bature, makanike a tashar Bukkuyum, ɗan kawun Haladu kuma abokin wasansa, shi ya huda masa tasa, kuma duk ƙasar babu wadda ta kai ta amo. Shekara tara Haladu yana zaune a kan wannan rugugi.

Wata safiya bayan kaka, a 2007, ya ɗauki Malam Uba, tsohon malamin da ya koya masa karatun allo, zai kai shi ta'aziyya Bukkuyum. Malam siriri ne ƙwarai, ba shi da yawan magana. Haladu ya ɗora rabin buhun wake a kan tanki, Malam ya hau baya, suka kama hanya. Haladu ya yi ta zuba labari, na farashin gero, na rijiyar da ta rufta. Da suka haye wani kwazazzabo mai rairayi ya ji babur ya yi sauƙi, ya ɗauka ƙasa ce ta yi tauri. Ya ci gaba da labarinsa.

A tasha ya tsaya gaban rumfar Bature, ya kashe inji.

"Malam, mun iso," ya ce.

Bature ya ɗago kai daga tayar da yake kwancewa. "Kai, wa kake yi ma magana? Aljannu ka koma ɗauka?"

Haladu ya waiga. Babu kowa a bayansa.

Ya sauka, ya zagaya babur ɗin, har ya leƙa ƙarƙashinsa kamar wanda ya yar da makulli. Bature ya bar dariya, ya haye baya, suka juya a guje.

Sun tarar da Malam Uba a gindin wata tsamiya kusa da kwazazzabon, wani makiyayi yana riƙe da shi. Rawaninsa ya warware, wuyan hannunsa na dama ya karye. Haladu ya zube gabansa.

"Malam, don Allah, mi ya hana ka yi magana?"

Malam ya dube shi. "Sau bakwai na kira sunanka, Haladu. Tun ina zamewa nike kira. Bakina na bisa kunnenka na hagu."

"Ni ma daga can na jiya shi," in ji makiyayin, yana nuna inda shanunsa suke.

Bayan an kai Malam wurin mai ɗori, Haladu ya koma gida ya zauna a ƙofar ɗaki ya kasa cin abinci. Ya ba matarsa Amariya labari, yana jiran ta yi salati. Ba ta yi ba. Ta zagayo ta zauna inda zai ga fuskarta.

"Maigida, shekara ukku ke nan ba ni yi maka magana sai kana dubana."

"Shekara ukku?"

"Tambayi Inna."

Inna, mahaifiyarsa, tana ɓarar gyaɗa, ba ta ko ɗago ba. "Kai da ka ce ladan ya tsufa, muryatai ta mutu. Ladan lafiya lau yake, ɗan nan. Mu har cikin ɗaki muke jin shi."

Wannan ya fi komai kaɗa shi. Ya tuna har a majalisa ya taɓa kawo shawarar a nemo wani ladanin, mutane suka sunkuyar da kai suna kallon ƙasa.

Labari ya bazu. Kwana biyu ya fita, babu wanda ya tsayar da shi. A na uku ya sayar da rago guda ya tafi Sakkwato wurin likitan kunne.

Likitan ya sa shi a wani ɗan ɗaki, ya kifa masa abin sauraro a kunnuwa, ya ce duk lokacin da ya ji ƙara, ko yaya take, ya ɗaga hannu. Haladu ya gyara zama yana jiran a fara. Yana cikin jira likita ya buɗe ƙofa ya ce an gama da na hagu.

"An gama? Ai ba a fara ba!"

Likitan ya nuna masa takarda mai layi biyu. Layin hagu ya gangara ƙasa. Na dama ya ɗan sunkuya amma yana nan.

"Wane magani za ni sha, likita?"

"Babu. Abin da ƙara ta cinye ba ya dawowa. Na daman nan shi ya rage maka, kuma in ka ci gaba yadda kake, shi ma zai bi ɗan'uwansa."

Haladu ya kama kunnen da hannu kamar za a ƙwace masa shi a nan take. Ya ce ai da sanyi yakan cusa auduga. Likita ya ce auduga ƙura take tarewa, ba ƙara ba. Ya ƙara da cewa ba salansa kaɗai ba ce, iskar da ke kaɗawa a kunnen mai gudu da babur ita ma tana ci a hankali. Haladu bai taɓa jin cewa iska tana kurmantar da mutum ba.

Aka fara gwada masa matosai na soso, 'yan rawaya, waɗanda ake murzawa a tura. Da ya motsa muƙamuƙi sai na dama ya turo waje, domin ramin kunnensa ƙuntatacce ne kuma a karkace. Likita ya ce sai dai a yi masa nasa na kansa. Ya tura masa ɗan soso mai zare can ciki don tsare dodon kunne, ya matsa wani abu mai laushi kamar kwaɓin fulawa ya cika ramin, ya ce kada ya yi magana. Da ya daskare aka zaro. Haladu ya ga siffar cikin kunnensa a tafin hannun wani, a murɗe kamar saiwar citta, na hagu da na dama ko kama ba su yi ba.

Matosan iri biyu ne, in ji likita. Akwai dunƙulalle, wanda ya fi tare ƙara amma yana danne har maganar mutane. Akwai kuma mai ɗan rami da matacin ƙara a ciki, wanda ke rage rugugi ya bar murya ta wuce.

"Wanda za ni ji mutum na bayana," Haladu ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba.

"To, da sharaɗi. Wannan ba zai iya da salansarka ba. Sai ka mayar mata da hanjinta."

Mako uku aka ɗauka kafin matosan su iso daga Legas. A cikin makonnin ya tura babur har rumfar Bature.

"Ni da hannuna in kashe muryar da na yi?" in ji Bature. "Mashin ya koma keken ɗinki? Wa za ya san ka taho, kurma?"

"Maida dai, baƙin Bature."

Bature ya mayar, yana ta mita. Da ya gama ɗaure ƙusa ta ƙarshe, ya goge hannu, ya matso ta dama ya rage murya. "Shi wanga likita, wace rana yake zama?"

Abin da Bature ya faɗa ya tabbata. Haladu yakan wuce gonaki babu mai ɗago kai. Abokan sana'a suka sa masa suna Mai 'Yan Kunne, saboda matosan shuɗaye ne kuma suna rataye da zare a wuyansa. Bai kula su ba. Ya sauya yadda yake aiki. Bayan la'asar sai ya bi majalisu da ƙofofin masallatai yana tambayar wa ke da tafiya gobe, da safe ya je har ƙofar gida ya yi sallama. Kafin ya tashi inji yakan ce wa fasinja, in da magana a yi ta dama, in ta gaggauta a daki kafaɗa. Tsofaffi ne suka fara dawowa, don sun ga ana sauka babu ciwon kai. Abin da yake samu bai koma kamar da ba, kuma hirar hanya ta ragu, domin yanzu rabin hankalinsa yana baya.

Da shekara ta zagayo ya koma Sakkwato. Aka sake sa shi a ɗan ɗakin nan. Da aka zo kan na dama ya ɗaga hannu, ya sake ɗagawa, yana tsoron ko zuciyarsa ce ke raya masa ƙarar.

Likita ya jera takardar bara da ta bana a kan tebur, ya bi layin da bakin biro.

"Na hagu ya tafi. Na dama yana inda muka bar shi."

Haladu ya juya kai, ya daina kallon bakin likitan, ya miƙa masa kunnen.

"Sake faɗi, likita. A hankali."

Likitan ya sassauta murya ƙwarai ya maimaita.

"Na jiya sarai," in ji Haladu.