Kafso a Cikin Lomar Tuwo

Ina cikin auna wa wani dattijo dawa a kasuwar Tsafe wayata ta yi ƙara. Nana Khadija ce, 'yar Mas'udu ta fari. Ta ce, "Baba Gambo, Babanmu ya rasu. Mota ta buge babur ɗinsu tsakanin Gusau da Bungudu." Na yi salati, na ci gaba da zuba dawa a tiya tana zubewa ƙasa, sai da dattijon ya riƙe mini hannu.

Mas'udu mutumin Furfuri ne. Benci ɗaya muka zauna a sakandare a Gusau. Ni na tsaya a aji uku na kama awon hatsi, shi ya ƙarasa, ya tafi Kano ya sami aiki a wani kamfanin haɗa magunguna. Shekara goma sha tara yana gaban injin buga ƙwayoyin magani. Shi ba likita ba ne, kuma bai yarda a kira shi haka ba.

In ya zo hutun salla, ba shi da hira sai ta aikinsa. Ya ce garin magani sai an gauraya shi da sitaci, a ɗan jiƙa, a murza ya yi tsaki-tsaki kamar dambu, a busar, sannan inji ya matse shi. Bini-bini sai ya ɗebi ƙwaya goma ya ɗora a sikeli, don kada ta wani ta fi ta wani nauyi. Har gemunsa sai ya rufe kafin ya shiga ɗakin. Nakan ce masa, "Ashe kai ma ɗan awo ne, tiyarka ce ƙarama." Ya yi ta dariya har da tari.

Da ya bar aiki ya dawo gida noma, abu ɗaya ne ke ɓata masa rai. Mutanenmu ba su son haɗiye kafso. Sai su buɗe shi su juye a kunu, wasu su daka. Yakan ce akwai wanda in an buɗe ba komai, amma akwai wanda rigarsa ita ce rabin maganin. Da ya ga bayani bai shiga, sai ya ɓullo da dabara: a cusa kafson a 'yar lomar tuwo, a dangwali miya, a haɗiye. Tsofaffin Furfuri da yawa a hannunsa suka koya.

Ni kaɗai na gagare shi. Tun ina yaro ƙashin kifi ya taɓa maƙale mini, tsoron bai bar ni ba. Shekara biyu ina fama da gyambon ciki. A asibiti aka rubuta mini kafso, kullum ɗaya da safe. Ni kuwa sai in buɗe, in murƙushe 'yan ƙwayoyin ciki da bayan cokali, in sha da kunu. Ciwo bai tafi ba, na rame, ina ta zagin maganin, shi kuma ban gaya masa abin da nake yi ba don kunya. Matata Rukayya ce ta tona ni.

Ran Alhamis ya rasu. Ran Asabar, ranar da ya ce zai zo Tsafe in haɗiye kafso a gabansa, na taso daga zaman makoki na kwana gida. Washegari da safe na sa Rukayya ta ɗumama tuwo da miyar kuɓewa. Na cusa kafson a loma, na daɗe ina kallon ƙofar zaure. Sannan na haɗiye. Ya wuce sumul, ko ji ban yi ba. Nan na zauna ina kuka da kwano a gabana, don abin ba wuya, kuma ba wanda zan gaya wa ya yi mini dariya. Yau wata biyu ban fasa ba, cikina ya lafa. Har yanzu nakan ɗauki waya in nemo sunansa.

Rabuwarmu ta ƙarshe a tashar mota ce a Gusau, kwana huɗu kafin rasuwarsa. Ya fito da kafso ɗaya daga kwalina, ya buɗe a tafin hannunsa.

"Gambo, dubi 'yan ƙwayoyin ga. Kowace da rigarta, don ta wuce ciki lafiya ta narke can gaba. Wani ya yini tsaye yana sa musu ita, kai ka tuɓe da cokali."

"Tsoro nake ji, mutumina."

"Mi kake tsoro? Kai da ke haɗiye loma kamar ƙwan zabuwa ba ka tauna ba. Ran Asabar ina nan tahe Tsafe. Rukayya ta yi miya mai yauƙi, gabana za ka haɗiye."

"In ya maƙale fa?"

"Ina kusa, sai in buga maka baya."

"To, Allah ya kai mu."

"Amin. Ka gaishe min da cokalinka."