Usur ɗin Baba Hodi

Hodi mutumin Gulma ne. Ya daɗe yana su a gulbin Argungu, har sanyin ruwa ya kama masa gwiwoyi, ya dawo Birnin Kebbi ya samu gadi a wani jerin shaguna a Nasarawa. Ba shi da yawan magana, kuma ba ya son a yi abu biyu lokaci guda.

Taransifomar layin ta tsufa. Lokacin bazara, da an kawo wuta kowa sai ya ruga ya kunna nasa: Ajoke mai kifi da kaji ta tayar da firizoji, Judith mai kemis ta kunna esi na sanyaya shago, Taufiq mai aski ya kunna nasa har biyu. Sai a ji tas, wuta ta ɗauke a layinsu kaɗai. Mai gyara ya gaji da hawa turke, ya gaya musu cewa tashi tare da injinan ke yi shi ne matsalar. Su riƙa kunnawa bi da bi, da tsakar rana kuma wasu su huta wasu su yi aiki.

Aka zauna, aka rasa wanda ya yarda da maƙwabcinsa. A ƙarshe aka ɗora wa Hodi, don shi kaɗai ne ba shi da ko rediyo. Judith ta sayo masa usur. In wuta ta zo, sai ya tsaya ƙofar shago ya busa, mai shagon ya kunna, shi kuma ya ɗingisa zuwa na gaba.

Wutar ta zauna, amma rigimar wa za a fara busa wa ta tashi. Ajoke ta ce mutum in ya sha zafi gumi kawai zai yi, kifi kuwa ruɓewa yake. Hodi ya yi nazari, ya yanke hukunci: shagon da ke da matacce shi ne farko, sannan magani, sannan masu rai.

Washegari Taufiq ya sayi tarwaɗa wurin Ajoke, ya rataye kusa da madubi. Hodi ya shiga, ya duba ta, ya shinshina.

"Wagga ta mutu," in ji shi. "Kana cikin na hwarko."

Kafin mako ya ƙare, har shagon mai ɗinki akwai kifi a rataye. Layin ya ɗauki ƙarni, cinikin Ajoke ya buɗe, ita kuma ta daina ƙorafi.

Ana haka aka kawo sabuwar taransifoma, babba. Mai gyara ya ce yanzu kowa ya kunna abin da ya ga dama. Hodi ya ji daɗi, ya tafi Gulma yankan shinkafar rani, usur ɗinsa a aljihu. Da wuta ta zo ranar, mutane suka fito ƙofar shaguna suna kallon juna, gumi na zuba, ba wanda ya taɓa makunni. Ajoke ta samo wani usur ta busa, Taufiq ya ce ba muryar ba ke nan. Suka wuni a zafi da wuta a bango.

Da la'asar Judith ta kira wayar Jannatu, 'yar Hodi, aka kai masa har fadama. Ya saurara, ya ce ai an ce ba a buƙatarsa.

"Baba, ka dai busa," ta ce. "Maganina na lalacewa."

Ya busa. Ta ɗaga wayar sama, ta bi shaguna da ita.

Hodi bai koma gadi ba, gwiwa ta hana. Yana Gulma, ana kiransa duk sanda aka kawo wuta, in kuma sabis ya yanke a jira. Bara wata sabuwar 'yar haya ta kunna esinta ba tare da ta jira kowa ba. Babu abin da ya faru, amma har yau gaisuwar da ake mata a layin sama-sama ce.