Ranar da Bidi Ya Yi Shaƙuwa

A ƙauyensu na yamma da Tsanyawa, inda gona ke manne da gona har babu filin kiwo, Malam Badaru ne kaɗai ya rage mai doki. Sa'o'insa duk sun sayar da nasu sun koma babur. Shi kuwa ya riƙe Bidi, wanda ya raina tun yana dukushi. Da damina ya yanko masa ciyawa a gefen gonaki, da rani ya cika masa ƙwarya da dusa safe da yamma, don a ganinsa babu gatan da ya wuce wannan.

Wata bazara aka aiko masa cewa amininsa Muhammadu Sani ya rasu a wani ƙauye wajen Bici, za a yi jana'iza bayan azahar. Bai tsaya jiran mota ba. Ya ɗaura sirdi, ya bi burtali cikin tsakar rana, ya kuwa sami sallar.

Sai da aka dawo daga maƙabarta ya tarar da Bidi jiƙe sharkaf da gumi, kwiɓinsa yana zillo kamar mai shaƙuwa. Ya ɗora tafinsa a wurin, ya ji motsin yana tafiya daidai da bugun zuciyar dokin. Shekara arba'in yana tare da dawakai, bai taɓa ganin haka ba.

Cikin masu ta'aziyya akwai Mika'ilu, malamin dabbobi. Ya duba dokin, ya tambayi abin da yake ci, sannan ya ce gumi ne ya kwashe gishirin jikinsa, yawan dusar kuma ya daɗe yana raunana shi. Ya ɗauko ruwan magani a gidansa, ya sa masa ta jijiyar wuya sannu a hankali.

"Ashe da hannuna na cuce shi," in ji Malam Badaru.

"Rashin sani ne, Baba. Ka rage dusa, ka yawaita harawa, kada ka raba shi da gishiri."

Kafin magariba shaƙuwar ta lafa. Bayan kwana biyu Malam Badaru ya koma gida a ƙafa, yana janye da dokin, suna hutawa a kowace inuwa.

Da ruwa ya sauka, rabin gonar geronsa wake ya shuka saboda harawa. Matarsa Hure ta yi mita kwana biyu, sannan ta ɗauki ƙwarya ta taya shi shuka.