Kwamfutar Malam Bahago Ba Ta Lalace Ba

Daga Allah muke, gare Shi kuma za mu koma, da mai gani da wanda ba ya gani. Ranar Laraba, 13 ga Sha'aban 1446, daidai da 12 ga Fabrairu 2025, jim kaɗan bayan sallar asuba, Allah ya karɓi ran Malam Aƙilu Jumare na Ƙofar Kibo, wanda aka fi sani da Malam Bahago. An yi masa sutura kafin azahar. An ce jama'a sun cika layin har bakin titi. An ce ne, domin ni ban je ba, kuma cikin makafin da ya koya wa karanta saƙo da kansu, babu ko ɗaya da ya samu sallar gawarsa.

Malam, bari in gaya maka yadda aka yi, don na san da kana nan sai ka tambaya. Da hantsi ina zaune a gida a Tudun Jukun, ina bin saƙonnina na imel da kibiyar ƙasa kamar yadda ka koya min, manhajar da ke karanta allo tana faɗa min a kunne sunan mai aikowa da kan magana. Sai na zo kan wani saƙo daga ƙungiyar tsofaffin ma'aikatan ofishinku. Sakatarenta ya tura wa duk wanda ya san kuna hulɗa. Kan maganar kalma ɗaya ce, sanarwa. Na danna Enta, muryar ta ce min hoto ne, ta yi shiru. Na sa ta gwada tsinto rubutun da ke jikin hoton, ta kawo min haruffa a wargaje, don ashe a kan furanni da zane-zane aka yi rubutun. Na ɗauka katin biki ne ko kiran taro. Sai na haɗa Kwanturol da R, na mayar da amsar da ka sa muka haddace: “Salamu alaikum. Ban ga komai ba. A rubuto da haruffa.”

Abin da na amsa wa sanarwar mutuwarka ke nan. Ba wanda ya ba ni amsa, duk suna maƙabarta. Waya kuwa, wanda ya saba bugo mana ita in an yi rashi, kai ne, kuma kai aka ɗauke. Sai bayan la'asar mai keke napep ɗin da yake kai ni wurinka ya yi sallama a ƙofar gida, ya ce ya zo yi min gaisuwa. Na ce gaisuwar wa?

Na san sakataren nan alheri ya nufa, ya ɓata lokacinsa ya ƙawata hoton don ya girmama ka. Mutane sun ce min in yi haƙuri, ba komai. Haƙurin na yi, amma ba zan ce ba komai ba. Da komai. Mun so mu sa kafaɗa a makararka. Da an rubuta layi biyu kacal da haruffa, da mun zo, ko da rarrafe ne. Raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake wannan rubutu a ɓace yake. Maganar ma ba ta tsaya nan ba, domin ranar addu'ar uku na tarar an fitar da kwamfutarka daga zauren da kake koyar da mu. Zan zo kan wannan, amma sai na fara gaya wa wanda bai san ka ba ko wane ne kai.

Malam Bahago akawu ne a wani ofishin ilimi tun zamanin tafireta. Yana da wajen shekara arba'in hawan jinin ido ya rufe masa gani. Ofis suka tausaya masa irin tausayin da muka sani: aka sa masa benci a baranda, aka ce ya riƙa zuwa yana shan iska har lokacin ritayarsa ya yi. Ya zauna a bencin nan na ɗan lokaci, sannan ya ce shi ba tukunyar fulawa ba ne. Ya ji labarin akwai manhajar da ke karanta wa makaho abin da ke kan allo, ya bi ta har ya samo ta, ya kwana ya tashi a kanta. Yatsunsa dama sun san inda kowane harafi yake. Ya koma teburinsa, shi ke karɓar saƙonnin ofis, shi ke amsawa, har shekarunsa suka cika ya sauka kamar kowa. Da ya sauka sai ya share zauren gidansu, ya ajiye tebur da kwamfuta da batir mai cajin sola, ya ce duk makahon da ke so ya zo ranar Asabar.

Ni ban je don sha'awar boko ba, baƙin ciki ne ya kai ni. Malamin firamare ne ni lokacin da idona ya tafi. Wani asibitin ido da na je ya aiko min da sakamakon gwaji ta imel, na tafi shagon kwamfuta na unguwarmu don a duba min. Mai shagon ya karanta da ƙarfi, yana fassara wa masu jiran a buga musu takardu, suna ta Allah sarki. Kafin in isa gida labari ya riga ni. A bakin maƙwabciya mahaifiyata ta ji cewa idon ɗanta ba zai dawo ba. Da na ba ka wannan labari, Malam, ba ka ce Allah sarki ba. Ka kama hannuwana ka ɗora a kan kibod, ka ce in lalubo 'yan ƙuraje biyun da ke kan F da J. Ka ce, “Nan ne gida. Duk inda ka ɓata, ka dawo nan.”

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kwamfutarka ba ta da allo. Akwati ne kawai a ƙarƙashin tebur, sai kibod da lasifika. Allon ka ba da shi tun da daɗewa. Dalilinka shi ne muddin yana nan, duk mai idon da ya shigo zaure sai ya tsaya a bayan ɗalibi yana cewa danna can, a'a, ɗan sama kaɗan, har ya ƙare da karɓe kujerar. Linzamin kwamfutar kuwa, wato maus, ka rataye shi a ƙusa ta wutsiya, kana cewa ɓera ne da aka kama, a bar shi nan 'yan'uwansa su gani. Muryar da ke karantawa ka sa mata suna Bature, saboda yadda take murɗe Hausa. In ta kira sunana sai ka ce, ga shi nan Bature ya sake raɗa maka suna, ka yanka rago.

A hankali ka koya mana cewa manhajar imel gida ce mai ɗakuna. Akwai inda aka jera akwatuna, na saƙon da ya shigo da na wanda ya fita. Akwai jerin saƙonnin, akwai kuma inda ake buɗe saƙo a karanta. F6 ke kai mutum daga ɗaki zuwa ɗaki, Tab ke matsar da shi daga wuri zuwa wuri, Eskef kuma shi ne ja da baya in an shiga inda ba a yi niyya ba. Ba ka da sassauci a kan wannan. In ɗalibi ya ɓata, ba ka taɓa kibod ɗin, sai ka naɗe hannu ka ce ya saurari Bature, ya gaya maka inda yake. Akwai ranar da na share saƙo ina tsammanin buɗe shi na yi, na tashi zan tafi gida don haushi. Ka riƙe min sanda, ka ce ba inda za ni sai na shiga akwatin shara na dawo da shi da kaina. Na dawo da shi ina zage-zage a zuci. Da la'asar ka sa aka kawo min fura.

Tayyiba, wadda ke zuwa daga wani ƙauye a bayan gari, ta ba ni labarin ranar da ta fara karanta saƙon mijinta daga inda yake ci-rani. Ka sa mata abin sauraro a kunne, ka ja sandarka ka fita ƙofar gida ka zauna a dakali har ta gama. Da ta fito tana so ta gaya maka abin da ya rubuto, ka ce ba naka ba ne, ta riƙe abinta.

Zancen hoto kuwa yaƙinka ne na shekaru. Ofisoshi da ƙungiyoyi sun saba su buga takarda, su sa hannu da hatimi, su ɗauke ta a waya su tura, su ce sun sanar da kowa. Kai kuma ba ka gajiya da mayar musu da amsar nan. Wasu suka gyara, wasu suka ce Bahago ya cika tsiya. Ka ce ka yarda, a rubuto maka hakan ma da haruffa.

To ranar addu'ar uku muka zo, mu ɗalibanka, muna riƙe da kafaɗun juna. Ina shiga zaure sandata ba ta bugi ƙafar teburin ba. An kwashe komai an shimfiɗa tabarmi don masu gaisuwa, wannan kuwa daidai ne. Amma da na tambayi ina kwamfutar, sai aka ce tana waje a jikin bango tare da tsohuwar fanka da wasu ƙarafa, ana jiran 'yan gwangwan. Waɗanda suka gyara wurin sun ga akwati ba allo, ba linzami a jikinsa, suka ce ai wannan ta daɗe da mutuwa. Na fita na lalubo ta a rana, na rungumo ta na shigo da ita tsakiyar masu makoki. Na san ba a yin haka a zaman gaisuwa, amma na yi.

Yayanka Alhaji Zailani, babban gidan, ya kira ni gefe. Da taushi ya yi min magana, kuma na san zuciyarsa ɗaya. Ya ce shi bai san tana aiki ba, in ina so in tafi da ita. Amma zaure kam za a rufe, tunda mai koyarwar ya tafi. Ya ce kowannenmu ai yana da 'yan'uwa masu ido, me zai sa mu riƙa wahalar da kanmu a titi duk Asabar, bayan ga masu karanta mana a gida.

Na ce, “Alhaji, Allah ya ƙara girma. Masu karanta mana ne suka sa muka zo nan tun farko.”

Na ce masa ba kwamfuta muka zo nema ba, wuri muke nema. Ni ina da tawa a gida, amma akwai waɗanda ba su da wuta ma a garinsu, akwai waɗanda ko F da J ba su gama ganewa ba. In an rufe zauren nan, shagon kwamfuta za su koma a riƙa karanta sirrinsu a gaban mutane. Ya ce wa zai koyar? Na ce ni. Ban shirya faɗar haka ba, kuma ban kai rabinka ba, amma na faɗa a gaban jama'a, ba zan janye ba. Alhaji ya ce a bari a gama makoki tukuna.

Ashe maganar ta shiga cikin gida. Muna shirin tafiya 'yarka Sumayya ta fito, ta ce mahaifiyarta, Hajiya Asabe, da ke cikin takaba, ta aiko ta wurin Baffa Zailani. Ta ce a gaya masa ita ke share zauren nan duk safiyar Asabar tun ranar da aka buɗe shi, kuma tana roƙonsa ya bar ta ta ci gaba da sharewa. Daga nan na ji ƙarar makulli, Alhaji ya kamo hannuna ya danƙa min.

Asabar ɗin da ta biyo bayan addu'ar bakwai na riga kowa zuwa. Na mayar da tebur wurinsa, na haɗa wayoyi da lalube, na kunna. Akwatin saƙonninka ban buɗe ba, kuma ba zan buɗe ba, na iyalinka ne. Amma da muryar ta tashi, ko kalma ɗaya ban kama ba. Gudu take kamar ruwan sama a kan kwano. Na ɗauka rana ce ta taɓa ta. Sai can na gane cewa saurinka ne. Haka kake sauraro in kana kai kaɗai. Duk shekarun nan, kafin mu iso kake rage mata gudu, in mun tafi ka mayar, kuma ba ka taɓa faɗa mana ba. Muna ta murna mun kusa kamo ka, ashe tafiyar masu koyo kake yi da mu. A nan ne na yi kukan da ban samu yi ba ranar Laraba.

Da ɗalibai suka fara sallama na rage mata gudu, muka yi karatu. Da suka tafi na mayar da ita inda ka bar ta, na zauna ina sauraro har aka kira la'asar. Na kama kalma biyu ko uku. Mako mai zuwa zan kama fiye da haka.

Ya Allah, ga bawanka Aƙilu ya zo gare Ka. Ka jarrabe shi da idanunsa ya yi haƙuri, bai zauna ba. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sa Aljanna Firdausi ce makomarsa, Ka ba shi ganin da ba ya gushewa. Ina miƙa ta'aziyyata ga Hajiya Asabe, da Alhaji Zailani, da Sumayya da 'yan'uwanta, da jama'ar Ƙofar Kibo baki ɗaya, da 'yan'uwana ɗaliban zaure waɗanda ba su samu raka malaminsu ba. Allah ya ba mu haƙurin rashinsa, ya sa mu cika da imani in tamu ta zo.

Umair Suhail
Tudun Jukun, Zariya