Soso Ashirin a Kan Tire

Har gobe ban manta da ranar da kalmar Turanci guda ɗaya ta kusa mayar da ni gona ba. Ku da kuka zo kuka same ni da tumbi da farar hular kuku, kuna zaton da ludayi a hannu na faɗo duniya. To, ku gyara zama.

A farkon shekarun tamanin aka ɗauke ni mataimakin kuku a wani gidan saukar baƙi a nan Minna. Ƙa'ida a lokacin, sabon ma'aikaci zai yi wata shida na gwaji. In manaja ta gamsu, ta sa hannu a takardar tabbatarwa. In ba ta gamsu ba, ka naɗe tabarmarka. Ni saura mini sati ɗaya. Manajarmu Madam Saratu ce, 'yar Beji, mai ido kamar fitilar jirgin ƙasa. Babban kuku kuwa Baba Audu, wanda ya dafa wa Turawan reluwe abinci tun kafin a haifi uwata, in ji shi.

Wata Asabar da safe Madam ta tafi biki, Baba ya je asibiti a duba masa ƙafa. Sai ga direban wani Baturen injiniya da takarda daga uwargidan Baturen. An rubuta sponge, na mutum ashirin, ƙarfe huɗu.

Na yi murmushi, don ni da siponji tsoffin abokai ne. Kafin nan na yi shekara biyu ina shara a asibiti. In sista ta ce a yi wa mai zazzaɓi siponji, goge masa jiki ake yi da ruwa. A ɗakin tiyata, audugar tsane jini ma sunanta ke nan. Mai katifa a kasuwa haka yake kiran kayansa. Ga kuma soson wanka. Ma'ana huɗu a aljihuna! Na ce Turawa ashirin cikin zafin Minna, me za su nema in ba wanka ba?

Direban ya ce, "Ka dai gane ko?"

Na ce, "Malam, ai da Turanci nake mafarki."

Na garzaya kasuwa wajen wata 'yar Gwada mai sayar da soso, na zaɓo soso ashirin masu kauri, na wanke su, na jera a babban tire, kowanne da gutsuren sabulu a gefe. Har fure na sa a tsakiya.

Ƙarfe biyu Baba ya shigo yana ɗingishi. Ya dubi tire, ya dube ni.

"Ɗanjuma, wa ya mutu?"

"Oda ce, Baba."

Ya karanta takardar, ya zauna a kan buhun fulawa, ya yi dariya har tukwane suka amsa. "Ɗan nan, kek ne! Kek mai laushi da 'yan ramuka kamar soso. Ƙarfe huɗu ai lokacin shayinsu ne. Kawo ƙwai, kada ka tsaya kallona!"

Babu injin kaɗawa a lokacin. Na kaɗa ƙwai da sukari har kafaɗata ta yi rantsuwa ba ta ƙara gaisawa da ni. Huɗu saura kwata kek ya fito, direba ya dawo ya ɗauka. Yana fita Madam tana shigowa, ni kuwa a ruɗe na manta da tire.

"Wannan fa?" in ji ta.

Baba ko ɗagowa bai yi ba, ya ce, "Na wankin tukwane ne, Madam. Tsafta ce ta yi wa yaron nan yawa."

"Har da fure?"

"Shi komai sai ya yi masa ado."

Madam ta dubi takardar odar da ke kan tebur, ta dube ni, sannan ta ce, "Ɗanjuma, mutum iri biyu Turawa ke ce wa siponji. Akwai mai zama yana tsotsar abincin mutane a banza, akwai mai tsotsar ilimi. Ka zaɓi ɗaya kafin Juma'a."

Sati guda cur ina bin Baba da tambaya har ya fara ɓuya mini a sito. Ran Juma'a Madam ta sa hannu a takardata.

Baba ya daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙansa. Abin da ya bar mini shi ne: a kicin, mai rabin sani ya fi jahili haɗari, don jahili zai tambaya. Kuma babba na gaske shi ne wanda zai yi maka dariya a ɓoye, ya rufa maka asiri a gaban manya.