Keken Kawu Sale Mai Ƙararrawa Biyu

Jama'a, yau saura kaɗan kwalliyar keke ta kashe ni.

Hakimi ya kira mu Ikara, za a ɗauki malamin gona ɗaya a En'e. Kawu Sale ya goya ni a sabon kekensa. Keke ya sha ado, madubi huɗu, ga tutar 'yancin kai tana kaɗawa.

Muna gangarowa daga Furana sai ga shanu a hanya.

Na ce, "Kawu, ja birki!"

Ya ce, "Na cire, na sa ƙararrawa ta biyu. Haka ake yayi a Zariya."

Sai ga mu cikin gonar barkono.

Na isa gaban hakimi da taɓo har wuya. Ya dube ni, ya dubi sauran masu neman aikin da fararen rigunansu, ya ce, "Wannan ne ya san gona. A ba shi."